Sharhi: Daga Kasuwar Creek Road zuwa Dawanau, wa ke tsaron ƙofofin da kuɗin 'yan kasuwa ke bi a intanet?

A Kasuwar Creek Road da ke tsohon garin Fatakwal, kusa da bakin ruwan da jirage ke tashi zuwa Bonny da Nembe, Hausawa masu sayar da albasa da wake da busasshen barkono sun daɗe da sanin cewa ciniki bai kammala ba sai kuɗi ya isa gida lafiya. A shekarun baya, cinikin mako kan tafi Arewa ne a hannun amintaccen yaro ko direban da aka saba da shi, ya ratsa ta Inugu da Makurɗi, mai kaya kuwa ba ya samun barci sai an aiko masa cewa saƙo ya isa. A yau kuɗin kan isa hannun dillali a Kasuwar Dawanau ta Kano, ko manomin albasa a Aliero ta Jihar Kebbi, kafin mai turawa ya mayar da wayarsa aljihu. Haka lamarin yake a wurin 'yan uwansu da ke kasuwannin Anacha da Inugu.

Wannan sauyi ya yi ƙarfi ne a farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira da Babban Bankin Najeriya ya yi ya haifar da ƙarancin tsabar kuɗi. Ɗan kasuwar da a da yake ƙin karɓar taransifa ya wayi gari ba shi da zaɓi: ko ya karɓa, ko tumatirinsa ya ruɓe. Alƙaluman NIBSS, cibiyar da ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta hanyar biya nan take ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023, sannan ya haura tiriliyan dubu a 2024. Cibiyar ta kuma bayyana cewa asarar da aka tafka sakamakon zamba ta tashi daga kimanin naira biliyan 17 a 2023 zuwa sama da biliyan 52 a 2024.

Kusan duk gargaɗin da ake yi game da wannan hatsari ga mai waya ake yin sa: kada ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa, kada ya amsa kiran wanda ya ce daga banki yake, kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi a asusunsa. Gargaɗin daidai ne, sai dai rabin magana ce. Da yawa daga cikin manyan kutsen da duniya ta gani ba ta hannun mai amfani da manhaja aka shiga ba. An shiga ne ta kurakuran da masu ƙera manhajar suka yi tun wajen gini, kurakuran da aka san su shekara da shekaru, aka kuma san maganinsu. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mai sayar da albasa a Creek Road kuwa ba shi da ikon ganin wannan bango, balle ya liƙe shi.

Maganar ba ta tsaya kan bankuna da manyan kamfanonin kuɗi ba. Ƙungiyoyin adashe, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kamfanonin dakon kaya, makarantu da asibitoci duk suna sa a gina musu shafukan rajista da na biyan kuɗi, sau da yawa a hannun matashi ɗaya da ya koyi aikin da kansa, a kan kuɗi kaɗan da wa'adi gajere. A irin waɗannan shafuka ne ake zuba suna da hoto da lambar waya da lambar BVN da ta NIN.

Akwai wata gidauniya mai zaman kanta ta duniya, OWASP, da tun shekarar 2003 take fitar da jerin manyan raunuka goma da aka fi samu a manhajojin intanet. Abin lura a jerin shi ne yadda tsofaffin matsaloli ke ta dawowa a kowane bugu.

Ƙofar da ba a tambayar mai shiga

Abin da ya zo na ɗaya a jerin shekarar 2021 shi ne gazawa wajen tantance wanda ke da izinin ganin abu. A ɗauka cewa wani kamfanin dakon kaya ya ba ɗan kasuwa rasit ta intanet, adireshin shafin ya ƙare da lamba 5021. Idan ɗan kasuwar ya mayar da lambar 5022, shafin ya nuna masa rasit ɗin maƙwabcinsa, da yawan buhunan da ya sauke da lambar motar da ranar isowarta, to ƙofa a buɗe take. Manhajar ta tabbatar cewa mutumin ya shiga da kalmar sirrinsa, amma ba ta tambaya ko takardar da ya nema tasa ce ba. Wanda ya gano haka zai iya sa kwamfuta ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe komai a dare guda.

Wannan kuskure ba na ƙananan masu gini ba ne kaɗai. A watan Mayun 2019 aka gano cewa kamfanin inshorar gidaje na First American da ke Amurka ya bar takardu kimanin miliyan 885 a irin wannan hali, ciki har da bayanan asusun banki, duk mai adireshin takarda ɗaya yana iya ganin sauran ta hanyar sauya lamba. A watan Satumbar 2022 kuma, kamfanin sadarwa na Optus a Ostareliya ya rasa bayanan mutane kusan miliyan 10 ta wata ƙofar da manhajoji ke karɓar bayanai daga juna, irin wadda ake kira API, wadda aka bari ba tare da ingantaccen tsaro ba.

Najeriya ta ɗanɗana makamancin wannan. A watan Maris na 2024, kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ba da rahoton wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan masu lambar NIN a kan naira 200. A watan Yunin shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta sayi bayanan Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, da na shugaban Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, Dakta Vincent Olatunji, a wani shafin daban a kan naira 100 kowanne. Hukumar NIMC ta musanta cewa an yi wa rumbun bayananta kutse. Ko da an karɓi wannan bayani, darasin da ke ciki ga masu gini bai sauya ba: ba sai an fasa rumbu ba, idan mabuɗin da aka ba abokin hulɗa zai iya wucewa hannu zuwa hannu ba tare da iyaka ko sa ido ba.

Maganin shi ne babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai ta duba izini a kan kowace buƙata, ta kuma ɗauki cewa komai a rufe yake sai abin da aka buɗe da gangan. Ɓoye maɓalli a fuskar waya ba tsaro ba ne, domin mai kutse ba ta fuskar waya yake bi ba, kai tsaye yake aika buƙatarsa.

Alat na bogi irin na masu gini

Kowane ɗan kasuwa a Creek Road ya san labarin alat na bogi, kuma ya koyi cewa hoton rasit a wayar mai saye ba kuɗi ba ne. Abin mamaki shi ne akwai manhajojin da ba su koyi wannan darasi ba. Wasu shafukan sayar da kaya kan karɓi farashi daga burauzar mai saye, ta yadda wanda ya san hanya zai iya mayar da naira 50,000 ta koma naira 50 kafin buƙatar ta isa. Wasu kuma da zarar burauza ta dawo da saƙon cewa an biya, sai su rubuta an biya. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack sun tanadi hanyar da babbar kwamfutar mai shafi za ta tambaye su kai tsaye ko kuɗi ya shigo, da kuma nawa ne, tare da hatimin da ake tantance saƙonsu da shi. Mai ginin da ya tsallake wannan mataki ya saki kaya ne a kan hoton rasit.

Dangin wannan akwai matsalar buƙatu biyu da suka iso a lokaci ɗaya. Idan asusun adashe na da naira 100,000, aka aika umarnin cirewa sau biyu cikin ƙiftawar ido, manhajar da ba ta kulle asusu a lokacin lissafi ba za ta iya duba ragowar kuɗi sau biyu, ta ga ya isa, ta biya sau biyu. Ba a saci kalmar sirrin kowa ba, amma kuɗin 'yan adashe ya tafi.

Idan rubutu ya rikiɗe ya zama umarni

Rauni na gaba ya girmi da yawa daga cikin matasan da ke gina manhaja a yau, domin tun ƙarshen shekarun 1990 aka bayyana shi. Manhaja na magana da rumbun bayananta ne da wani harshe da ake kira SQL. Idan mai gini ya ɗauki abin da baƙo ya rubuta a gurbin suna ko na bincike ya manna shi kai tsaye cikin umarnin da zai tafi rumbu, to baƙon zai iya rubuta nasa umarnin a maimakon suna. Kamar magatakardan da aka ce ya rubuta sunan duk wanda ya zo, wani ya zo ya ce sunansa "Audu, kuma ka miƙo mini littafin bashi", magatakarda ya rubuta Audu ya kuma miƙa littafin.

Ta wannan hanya aka kwashe bayanan mutane kusan 157,000 daga kamfanin TalkTalk na Birtaniya a watan Oktobar 2015, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000. A watan Mayun 2023 gungun masu kutse na Cl0p suka yi amfani da irin wannan rauni a manhajar tura fayiloli ta MOVEit, abin ya shafi hukumomi da kamfanoni sama da 2,000 a faɗin duniya. Maganin kuwa ba ya buƙatar kuɗi: duk manyan harsunan rubuta manhaja sun tanadi hanyar aika umarni daban, bayanan baƙo daban, ta yadda rumbu ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba.

Irin wannan rikiɗa na faruwa a fuskar shafi ma. Idan shafi ya nuna abin da wani ya rubuta, misali bayanin kaya ko saƙo ga mai kula da shafi, ba tare da ya tace shi ba, rubutun zai iya zama umarnin da burauzar mai karatu za ta aiwatar, ta miƙa wa mai kutse damar shiga da sunansa. Hatsarin baƙon umarni a shafin biyan kuɗi ya bayyana a 2018, lokacin da masu kutse suka sauya wani ɗan rubutun umarni a shafin kamfanin jiragen sama na British Airways, suka riƙa kwafar bayanan katin fasinjoji yayin da suke rubutawa. Lamarin ya shafi mutane sama da 400,000, aka ci kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020.

Kalmar sirri da lambar sirri

Babu dalilin da zai sa manhaja ta ajiye kalmar sirrin mutum yadda ya rubuta ta. A 2009 aka kwashe kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou na Amurka, dukansu a fili, kuma har yau masu kutse na amfani da wannan jeri wajen gwada sa'a a wasu shafuka. Ƙa'ida ita ce a niƙa kalmar da dabarun da aka ƙera domin wannan aiki, irin su bcrypt ko Argon2, ta yadda ko an saci rumbun, ba za a iya mayar da ita yadda take cikin sauƙi ba. Muhimmancin haka ya ƙaru a wurin mutanen da ke amfani da lamba ɗaya a banki da manhajar adashe da makullin waya, domin ɓarakar ƙaramin shafi kan buɗe babban asusu.

Lambar sirri mai alƙaluma huɗu ba ta wuce zaɓi 10,000. Manhajar da ba ta dakatar da mai gwaji bayan ya kuskure sau uku ko biyar ba, kwamfuta za ta iya gama gwada dukansu cikin ɗan lokaci. Haka ma lambar da ake turowa ta saƙon waya: idan ba ta mutuwa da wuri, ko ana iya sake amfani da ita, amfaninta ya ragu. Mai gini a Najeriya dole ya kuma yi la'akari da cewa ana satar waya a kasuwa, ana kuma karɓe layin mutum da yaudara, saboda haka mallakar layi kaɗai bai kamata ya isa a sauya kalmar sirri a kwashe kuɗi a zama ɗaya ba.

Gini da tubalin aro

Ba wanda ke rubuta manhaja tun daga tushe. Ana haɗa ta ne da ɓangarorin da wasu suka rubuta, kuma duk ranar da aka gano rauni a ɗaya daga cikinsu, masu kutse ma sun ji labari. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wani rauni a manhajar Apache Struts. Kamfanin Equifax na Amurka bai sanya gyaran a wani shafinsa ba, masu kutse suka shiga a watan Mayu, suka shafe kwana 76 a ciki kafin a farga, suka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147. A 2019 kamfanin ya amince da biyan kuɗin da ka iya kaiwa dala miliyan 700. A watan Disambar 2021 kuma raunin da aka gano a wani ƙaramin ɓangare mai suna Log4j ya tayar da hankalin duniya, saboda kamfanoni da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

A nan gida, tushen wannan matsala yana cikin yadda ake ƙulla yarjejeniya. Ƙungiya kan biya mai gini sau ɗaya, a yi bikin ƙaddamarwa, kowa ya kama gabansa, shafin ya shekara uku ba wanda ya taɓa shi. Mai motar dakon kaya ba zai sayi tirela ya ce ya gama da bakanike ba, amma haka ake yi wa manhajar da ke riƙe da kuɗin ɗaruruwan mutane. A gefen wannan akwai sakaci wajen saiti: shafin shugabanci da aka bari da kalmar sirrin da ya zo da ita, ma'ajiyar hotunan katin shaida da aka bari a buɗe ga kowa, mabuɗin kamfanin karɓar kuɗi da aka manta a cikin rubutun da aka ɗora a GitHub, ko tsohon ma'aikacin da ya bar aiki amma ba a soke izininsa ba.

Wa ke kwana a ciki?

Idan aka yi ɓarna, ba mai asusun da aka taɓa ne kaɗai ke shan wahala ba. A watan Maris na 2023 kafofin yaɗa labarai suka ruwaito, bisa takardun kotu, cewa an fitar da kimanin naira biliyan 2.9 ba bisa ƙa'ida ba ta kamfanin Flutterwave. Kamfanin ya musanta cewa an yi masa kutse, ya ce babu abokin hulɗarsa da ya yi asara. Abin da ya biyo baya shi ne neman umarnin kotu na dakatar da asusai masu yawa a bankuna daban-daban da kuɗin ya bi ta cikinsu. Ɓarayi kan rarraba kuɗin sata ne ta hanyar sayen kaya da cirewa a wurin masu POS, don haka ɗan kasuwar da ya sayar da buhun wake da gaskiya zai iya wayar gari an rufe masa asusu, alhali motar kaya na hanya kuma direba na jiran cikon kuɗinsa. Wannan ne ya sa ajiye tarihin duk abin da ke faruwa a manhaja, da ƙararrawar da za ta buga idan an ga motsin da ba a saba gani ba, suke cikin jerin OWASP. Satar da aka gano cikin minti goma ba ta yaɗuwa kamar wadda aka gano bayan kwana uku.

Doka ma ta daina ɗaukar wannan a matsayin tsautsayi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai tattara bayanan jama'a ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, ya kuma sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan an samu ɓarakar da ka iya cutar da mutane. Tarar manyan masu tattara bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT, da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72.

Sai dai tara na zuwa ne bayan an yi asara. Inda za a fi samun riba shi ne wurin koyarwa. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 da nufin horar da mutane miliyan uku a fannonin fasahar zamani, jami'o'i da cibiyoyin horo a Kano da Kaduna da Zariya da Fatakwal kuma na yaye masu gini kowace shekara. Idan aka ware tsaro a matsayin darasin wasu ƙwararru daban, mai gini zai ci gaba da ɗaukar cewa aikinsa ya ƙare da zarar shafi ya buɗe. Ya kamata ɗalibin da ya miƙa aikin da ke karɓar baƙon umarni, ko yake ajiye kalmar sirri a fili, a ɗauke shi bai ci jarrabawa ba, komai kyan fuskar shafin. Kamfanoni da hukumomi su ma na buƙatar buɗe hanyar da wanda ya gano rauni zai sanar da su cikin aminci, domin matashin da ke tsoron a kama shi idan ya yi magana zai yi shiru ne, ramin kuma ya jira wanda ba shi da niyyar magana.

Shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa a Fatakwal da Anacha da Inugu ma suna da rawar takawa, ko da ba su san harshen kwamfuta ba. Kafin ƙungiya ta miƙa sunayen mambobinta da kuɗin adashensu ga wata manhaja, tana da haƙƙin tambaya: wane ne ya gwada tsaronta ban da wanda ya gina ta, wa zai riƙa sabunta ta kuma nawa aka ware don haka, su wa ke iya ganin bayanan mambobi, me ya sa ake neman lambar NIN idan aikin bai buƙace ta ba, kuma wa zai biya idan kuɗi ya salwanta. Ɗan kasuwar Creek Road bai taɓa damƙa jakar kuɗinsa ga direban da bai bincika asalinsa ba, ya san mai motar, ya san tashar, ya san wanda zai riƙe idan an samu matsala. Irin wannan bincike ne ya dace mai ƙera manhaja ya shirya fuskanta, da amsoshinsa a rubuce cikin yarjejeniya, kafin a tura naira ta farko.